Wa Ke Riƙe da Usur? Tarihin Koyon Shugabanci a Filin Wasan Yara

Akwai wata magana da Turawan Ingila suka daɗe suna jingina wa Wellington, janar ɗin da ya karya rundunar Napoleon a shekarar 1815. Wai ya ce a filayen wasan makarantar Eton aka ci yaƙin Waterloo. Masana tarihi ba su gamsu cewa ya taɓa faɗin haka ba. Maganar ba ta bayyana a rubuce ba sai bayan mutuwarsa a 1852, kuma a lokacin da ya yi zaman Eton, wato farkon shekarun 1780, hukumar makaranta ba ta tsara wasanni, ba ta kuma ɗauke su a matsayin wani ɓangare na tarbiyya ba. Duk da haka maganar ta yi tsawon rai, saboda ta dace da abin da mutanen ƙarshen ƙarni na 19 suke son gaskatawa, wato yaron da ya saba da filin wasa shi ne gobe zai iya riƙe bataliya ko lardi.

Wannan imani ya iso gare mu da ƙarfinsa. Ana jin sa a jawabin babban baƙo ranar gasar gidaje a makarantun sakandare, da bakin kwamishinonin matasa wajen miƙa kofi, da tarukan horar da ma'aikata inda ake buga misali da koci da 'yan wasansa. Amma shekarunsa ba su kai 200 ba, kuma an san inda aka ƙirƙiro shi da matsalar da aka so magancewa da shi. Idan aka bi sawunsa daga Ingila zuwa Katsina, daga Amurka zuwa wata unguwar talakawa a Nairobi, abu guda ne ke ta fitowa fili. Duk inda filin wasa ya horar da shugaba, to an damƙa wa matashi amanar waɗanda ba su kai shi ba ne: shi zai tara su, ya koya musu, ya raba musu gardama, ya kuma amsa tambaya idan abu ya ɓaci. Duk inda manya suka karɓe wannan amana, wasa ya ci gaba da gina jikin yara, amma darasin shugabanci ya bi wanda ya riƙe usur.

Makarantun da malamai ke tsoron ɗalibai

A farkon ƙarni na 19, manyan makarantun kwana na 'ya'yan masu hali a Ingila wurare ne da doka ba ta da ƙarfi. Malamai kaɗan ne, aikinsu koyar da Latin da Girkanci, makaminsu bulala. Da zarar an tashi daga aji, yara su ke da kansu. Babba ya bautar da ƙarami, mai ƙarfi ya ƙwace abincin mai rauni, a shiga gonakin maƙwabta farauta, a ba hammata iska da samarin gari. Bore kuma ba baƙon abu ba ne. A 1797 ɗaliban Rugby sun fasa ƙofar hedimasta da albarushi, suka tara littattafai da tebura suka cinna musu wuta, har sai da aka kira sojoji. A 1818 ma sai da sojoji suka shiga rikicin makarantar Winchester kafin ƙura ta lafa.

Thomas Arnold, limamin coci kuma masanin tarihi, ya karɓi Rugby a 1828, ya riƙe ta har mutuwarsa a 1842. Sunansa aka fi dangantawa da tarbiyya ta hanyar wasanni, alhali shi kansa wasa bai dame shi ba. Yakan tsaya kallo jefi-jefi, iyakarsa ke nan. Abin da ya sa a gaba shi ne addini da ɗabi'a, sannan halin dattako, sannan ilimi, a wannan jeri. Dabararsa kuwa ita ce ya ɗauki ƙarfin da manyan ɗalibai suke da shi a bayan idon malamai, ya mayar da shi muƙami a fili. 'Yan ajin ƙarshe suka zama wakilansa. Yana zama da su, yana shawara da su, ya ba su ikon hukunta ƙanana, idan kuma gida ya lalace su zai fara tuhuma. Ba shi ya ƙirƙiri tsarin ba, domin Winchester inda ya yi karatu tana da irinsa, amma shi ya mayar da shi ginshiƙin makaranta. Duk wanda ya yi makarantar kwana a Nijeriya ya rayu a ƙarƙashin jikan wannan tsari.

Wasanni kuwa mallakar yara ne tun asali. A 1845, shekara uku bayan mutuwar Arnold, aka rubuta dokokin ƙwallon Rugby a karon farko, kuma ɗalibai uku ne suka rubuta su, ɗaya daga ciki ɗan Arnold ne na cikinsa. Babu koci, babu alƙalin wasa a cikin fili. Kyaftin biyu ke raba gardama a tsakaninsu. Manyan ɗalibai ke tara kuɗin ƙwallo, su tsara ranakun wasa, su zaɓi wanda zai buga su ajiye wanda ba zai buga ba, su kuma fuskanci fushinsa da dare a ɗakin kwana. Ko a ƙwallon ƙafa na manya, bayan kafa hukumar FA a Landan a 1863, sai a 1891 ne alƙali ya shigo tsakiyar fili da cikakken iko.

Yadda dabarar tsaro ta zama falsafa

Mutumin da ya haɗa muƙami da wasa da gangan shi ne George Cotton, wanda ya koyar a Rugby a ƙarƙashin Arnold. Makarantar Marlborough, wadda aka buɗe a 1843 musamman domin 'ya'yan limaman coci, ta faɗa cikin bore a watan Nuwamban 1851. Aka yi kwanaki ana fasa tagogi ana tayar da hankali, daga bisani hedimasta ya ajiye aiki, aka kawo Cotton a 1852. Ya gane cewa bulala ba za ta tsare ɗaruruwan yara ba, kuma ɓarnar tana faruwa ne a sa'o'in da suke watsuwa cikin karkara babu mai ganinsu. A 1853 ya rubuta wa iyaye takarda yana neman goyon bayansu a tsara wasanni irin su kurket da ƙwallo a cikin harabar makaranta. Ya ɗauko matasan malamai masu iya wasa, ya bar wa manyan ɗalibai ragamar ƙungiyoyinsu. A wannan shekarar ce makarantar Harrow ta kafa ƙungiyar wasanni ta ɗalibai, Edward Thring kuma ya karɓi Uppingham, inda shi da kansa yake shiga fili tare da yara.

Ashe asalin abin neman zaman lafiya ne: a gajiyar da yara, a tara su wuri guda, a sa manyansu su zama masu gadi maimakon jagororin bore. Falsafar daga baya ta biyo. A 1857 wani tsohon ɗalibin Rugby, Thomas Hughes, ya wallafa ƙagaggen labari mai suna *Tom Brown's School Days*, wanda ya sayu ƙwarai, ya kuma cusa wa masu karatu hoton makarantar da ake gina hali a filin ƙwallo. A 1864 kwamitin Clarendon, wanda gwamnati ta naɗa ya binciki manyan makarantu tara, ya amince a rahotonsa cewa filayen kurket da ƙwallo suna da hannu wajen gina ɗabi'a. Wani saurayi Bafaranshe, Pierre de Coubertin, ya karanta littafin Hughes, ya ziyarci Rugby a 1883, ya koma gida da yaƙinin cewa Arnold ne ya gano sirrin ƙarfin Ingila a filin wasa. A kan wannan fahimta, wadda rabinta kuskure ce, ya gina yunƙurin da ya haifi gasar Olamfik ta zamani a 1896.

Daga fili zuwa daula

Daular Birtaniya tana buƙatar samarin da za a ajiye a lardi mai nisa, su kaɗai, su karɓi haraji su yanke hukunci ba tare da sun ruɗe ba. Masu ɗaukar ma'aikata suka ga cewa wanda ya riƙe gida a makaranta ko ya yi kyaftin ya riga ya ɗanɗana irin wannan aiki. Cecil Rhodes, wanda ya mutu a 1902, ya sa son wasanni da nasara a cikinsu a jerin sharuɗɗan tallafin karatu na Oxford da ya bari a wasiyyarsa. A Sudan, jami'an mulki kimanin 400 da aka ɗauka tsakanin 1899 da 1956 galibinsu daga Oxford da Cambridge suka fito, da yawa kuma sun wakilci jami'o'insu a wasanni. Ralph Furse, tsohon ɗalibin Eton da ya jagoranci ɗaukar ma'aikata a Ofishin Mulkin Mallaka daga 1931 zuwa 1948, ya fi dogara da ganawa ido da ido da shaidar hali a kan sakamakon jarrabawa. Masanin tarihi J. A. Mangan ya bi diddigin wannan aƙida a littattafai biyu da ya wallafa a 1981 da 1986.

Sai dai tsarin yana da baƙin gefe. Wasa ya zama dole, mai son littafi ya zama abin raini, hidimar ƙarami ga babba ta ci gaba da izinin hukuma. Shugabancin da ake koyo na ba da umarni ne ga na ƙasa da yin biyayya ga na sama. Ranar 1 ga Yulin 1916, ranar farko ta yaƙin Somme a Faransa, wani kyaftin ɗin soja mai suna Wilfred Nevill ya ba sojojinsa ƙwallaye su riƙa bugawa a gabansu yayin da suke dosar ramukan Jamusawa. An kashe shi a wannan safiya. Sojojin Birtaniya 19,240 ne suka mutu a ranar kaɗai, jaridu kuma suka yi ta yabon labarin ƙwallayen. Makarantun sun koyar da jarumta da tsayawa tare da na ƙasa. Ba su koyar da yadda ake tambayar umarnin na sama ba.

Katsina

Shekara biyar bayan Somme, a 1921, aka buɗe Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, Gwamna Hugh Clifford kuma ya ƙaddamar da ita a watan Maris na 1922. Ginin na ƙasa ne, amma tsarin na makarantun kwana na Ingila ne: gidaje, manyan ɗalibai masu muƙami, da wasanni da la'asar. An buga kurket da ƙwallon ƙafa, amma wanda ya fi kama ƙasa shi ne ƙwallon bango da Turawa ke kira fives, salon Eton, wanda ake bugawa da tafin hannu, mutum biyu da biyu, a fili mai bango uku. Wani jami'in ilimi mai suna Hogben ake dangantawa da kawo shi Arewa a shekarun 1920. Wasan yana da wata siffa da ta dace da zancenmu: a al'adarsa babu alƙali, 'yan wasan ne ke yanke wa kansu hukunci, wanda ya yi kuskure shi ake sa ran zai fara faɗa.

Ahmadu Bello ya yi zaman kwalejin daga 1926 zuwa 1931. Gwani ne a fives, bai daina bugawa ba har yana Firimiyan Arewa, kuma har yau akwai gasar wasan da ake kira Kofin Sardauna. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi nasa zaman daga 1928 zuwa 1933. Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita da Abubakar Imam duk a nan suka yi karatu. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa a 1971, kuma shugabannin Nijeriya biyar ne suka bi ta cikinta: Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru 'Yar'adua.

Mai gaggawa zai ce ga hujja nan, fili ya yi aikinsa. Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a auna. Na farko, an zaɓo yaran ne, 'yan kaɗan daga kowane lardi, da yawansu daga gidajen sarauta da na malamai da na ma'aikatan En'e. Ahmadu Bello jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko bai taɓa ƙwallo ba, muƙami yana jiransa. Haka abin yake a Eton: wanda aka haifa domin mulki ne aka tura filin wasa, sannan aka ce filin ne ya ba shi mulki.

Na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Katsina makarantar horar da malamai ce. Ahmadu Bello ya koma Midil ta Sakkwato a 1931 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya koyar shekara uku kafin ya zama hakimin Raɓa a 1934. Ɓalewa ya koma Midil ta Bauchi, ya koyar, har ya zama hedimastanta. Malamin makarantar kwana ta wancan zamani ba a bakin allo aikinsa ke ƙarewa ba. Shi ne a ɗakin kwana, shi ne a wajen rabon abinci, shi ne a fili da la'asar. Kafin waɗannan mutane su zauna a majalisa, sun shafe shekaru suna riƙe da yara talatin ko arba'in, suna koyon yadda ake gyara mutum ba a karya shi ba, da yadda ake yanke hukunci a gaban jama'ar da za ta tuna da shi gobe. Ɓalewa, wanda ba daga gidan sarauta ya fito ba, ta wannan tsani ya hau: malanta, karatun shekara guda a Landan daga 1945, sannan majalisa.

Ƙasar Hausa ba ta jira Turawa kafin ta san wannan hikima ba. A ƙauyuka da unguwanni akwai sarkin samari da fadawansa, masu riƙe da muƙamai irin na fada, suna shirya gayya da kalankuwa bayan girbi, suna cin tarar wanda ya saɓa. Nan ma amana ce ta gaske a hannun matasa, dattawa suna gefe suna kallo. Abin da kwalejin ta ƙara shi ne rubutu da jadawali da hanyar shiga aikin gwamnati. Abin da ta rage shi ne yawan masu shiga: 'yan tsiraru ne a shekara, kuma babu mace ko ɗaya.

Amurka: usur ya koma hannun manya

A Amurka labarin ya ɗauki wata hanya. Biranen ƙasar sun cika da 'ya'yan baƙin haure, masu gyaran al'umma kuma suna tsoron abin da titi zai koya musu. Luther Gulick, wanda ya sa James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a makarantar horar da ma'aikatan YMCA da ke Springfield a 1891, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar wasannin makarantun gwamnati ta birnin New York a 1903. A nan wasa ya sauka daga 'ya'yan masu hali zuwa 'ya'yan talakawa, amma da sharaɗi: manya ne za su tsara, su horar, su yi alƙalanci.

A 1939 wani ma'aikaci mai suna Carl Stotz ya kafa gasar besbol ta yara, Little League, a garin Williamsport na jihar Pennsylvania. Ƙungiyoyi uku ne kacal, kowace da ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyinta da dala 30. Cikin 'yan shekaru abin ya mamaye ƙasar, ya kuma haifi wani sabon mutum a tarihin wasanni: uba ko maƙwabci da ke tasowa daga aiki ya je ya horar da yaran unguwa kyauta. Stotz kansa ya raba gari da ƙungiyar a tsakiyar shekarun 1950, yana ƙorafin cewa kasuwanci ya rinjayi manufarta. Yara sun samu riguna da filaye masu kyau, amma zaɓen 'yan wasa da tsara gasa da raba gardama, wato ayyukan da suka horar da ɗaliban Rugby, duk sun bar hannunsu.

Tunda amanar ta koma wajen koci, a wajensa ya kamata a nemi darasin. A shekarun 1970 masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Washington, Ronald Smith da Frank Smoll, suka bi kociyoyi 51 suna rubuta duk abin da suke yi a lokacin wasa, sannan suka tattauna da yara 542 da ke ƙarƙashinsu. Abin da suka gano shi ne ƙaunar yaro ga kocinsa da sha'awarsa ta sake bugawa sun fi rataya a kan halin kocin fiye da yawan wasannin da aka ci. Wanda ke yaba ƙoƙari, ya ƙarfafa gwiwa bayan kuskure, ya nuna yadda za a gyara, shi yara ke so. Daga nan suka tsara horo na 'yan sa'o'i ga kociyoyi. A wani bincike da aka wallafa a 1992, kashi 5 cikin ɗari na yaran kociyoyin da aka horar ne suka daina wasanni a shekarar da ta biyo, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 26 ne.

Wanda ya taɓa riƙe ofis zai gane waɗannan halaye. Koci ɗan sa-kai ba ya biyan albashi, ba ya da ikon kora da zai tsorata kowa, yaron da ya gaji da shi sai ya daina zuwa kawai. Dole ya koyi jan mutane da adalci da bayani mai sauƙi, ya koyi faɗa wa uba cewa ɗansa ba zai fara wasan yau ba. Ƙalilan ne daga cikin kwasa-kwasan shugabanci ke ba mutum sakamakon aikinsa cikin sauri irin haka.

Mathare

Mathare unguwar talakawa ce a Nairobi, cunkushe da gidajen langa-langa a wani kwari da aka taɓa fasa dutse, kilomita kaɗan daga tsakiyar birnin. A 1987 wani ɗan Kanada mai ba Majalisar Ɗinkin Duniya shawara kan muhalli, Bob Munro, ya ga yara suna buga ƙwallon da suka ɗaure da leda da igiya. Ya amince zai taimaka musu su kafa gasa, bisa sharaɗin cewa idan an yi musu wani abu, su ma za su yi wa unguwarsu wani abu. Haka aka kafa ƙungiyar wasannin matasan Mathare, wadda aka fi sani da MYSA.

Babu kuɗin ɗaukar ma'aikata, babu iyaye masu lokacin da za su tsaya a bakin fili. Wannan rashi ne ya mayar da amanar hannun matasa. 'Yan shekara goma sha ne ke horar da 'yan ƙasa da su, su ne alƙalai, su ne ke zaɓen kwamitocin shiyyoyinsu, su tsara jadawali su saurari ƙara. Ƙungiyar da ta fita kwashe shara da yashe magudanan ruwa ana ƙara mata maki a teburin gasa, don haka ba a zama zakara da ƙafa kaɗai. Wanda ya tara maki na aikin sa-kai, ko horarwa ko alƙalanci ko wayar da kai game da cutar ƙanjamau, yana iya samun tallafin da ake biya kai tsaye a kuɗin makarantarsa. A 1992 aka buɗe gasar 'yan mata, kuma daga cikinsu aka samu kociyoyi da alƙalai mata.

Ƙungiyar ta girma har ta kai matasa sama da dubu ashirin a ƙungiyoyi sama da dubu ɗaya, a shiyyoyi 16. Kulob ɗinta na manya, Mathare United, wanda aka kafa a 1994, ya ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1998, ya kuma lashe gasar firimiyar Kenya a 2008 a ƙarƙashin Francis Kimanzi, wanda shi ma a nan ya taso, daga baya ya horar da tawagar ƙasar. An gabatar da sunan MYSA domin lambar Nobel ta zaman lafiya a 2003 da 2004. Ɗaya daga cikin yaranta ya samu tallafin Rhodes ya yi karatu a Oxford, wato wasiyyar da aka rubuta domin samarin daula ta faɗo a hannun ɗan kwarin Mathare.

Muhimmancin Mathare a wannan tarihi shi ne ta cire ruɗanin da ke cikin misalin Eton da na Katsina. A nan babu gadon sarauta da ke jiran kowa. Fred Coalter, masanin zamantakewa da ya yi nazarin MYSA, yana cikin masu shakkar manyan iƙirarin da ake yi wa wasanni. A ganinsa buga ƙwallo kaɗai ba ya tabbatar da wani sauyi, tsarin da aka gina a kewayen ƙwallon ne ke aiki, musamman ga waɗanda aka ba wani nauyi suka ɗauka.

Ita ma MYSA ba ta tsira daga tabo ba. Ta dogara ƙwarai da tallafin ƙetare, kuma a 2012 wata gidauniyar ƙasar Norway da ta daɗe tana taimaka mata ta janye bisa zarge-zargen maguɗin shekaru da cin zarafi da karkatar da kuɗi, ƙungiyar kuma ta yi jayayya da rahoton. A Ingila ma, bayan tsofaffin 'yan wasa sun fara fitowa a 2016 suna bayyana yadda kociyoyi suka ci zarafinsu suna yara, rahoton Sheldon na 2021 ya sami hukumar FA da sakaci wajen kare yara. Ikon da babba ke da shi a kan ƙarami a filin wasa na gaske ne. Shi ya sa yake koyar da shugabanci, shi ya sa kuma yake da haɗari idan babu ido a kansa. Arnold ya san haka tun 1828, lokacin da ya ba manyan ɗalibai iko ya kuma tsaya a kansu.

Filin unguwa

Nijeriya ta ci kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Nduka Ugbade, kyaftin ɗin da ya ɗaga na farko a ƙasar Sin, shi ne ya dawo mataimakin Manu Garba lokacin da aka ci na 2013. Da irin wannan ma'auni muka saba auna ƙwallon yara: kofi nawa aka ci, yaro nawa aka fitar Turai. Amma daga cikin dubban yaran da ke cika filayen firamare da la'asar a Kano da Kaduna da Jos da Damagaram, 'yan ƙalilan ne za su ci abinci da ƙafarsu. Sauran za su zama malamai da 'yan kasuwa da kansiloli da magidanta.

Galibin ƙungiyoyin unguwa mutum ɗaya ke riƙe da su. Shi ne koci, shi ne ma'aji, shi ne mai bin masu hali neman riguna, ranar da ya gaji ko ya ƙaura kuma ƙungiyar ta watse. Mai karatu da aka taɓa kawo wa takardar neman gudummawar kofi ya san wannan mutum. Tarihin da muka bi yana nuna wata gudummawar da ta fi kofi daɗewa: a ba ɗan shekara 16 ƙungiyar 'yan shekara 10 ya horar, a ba wani rajistar suna, wani littafin kuɗi, wani usur, a bar kyaftin-kyaftin su zaɓi kwamitinsu, a yi wa 'yan mata irin wannan a makarantunsu. Aikin babba shi ne ya rubuta ƙa'ida, ya tabbata ba a bar yaro shi kaɗai da kowa ba, ya duba littafin kuɗi a ƙarshen wata, ya kuma daure ya yi shiru idan matashin alƙali ya busa usur ba daidai ba, har sai an tashi wasa sannan ya kira shi gefe.